Neman shawara: kifayen gupi da na sayo suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya

Baban Amira, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, abin ya ɗaure min kai. Ranar Asabar na sayo akwatin gilashi mai cin lita 20 da ƙananan kifayen nan masu jela kala-kala da ake ce wa gupi, guda 12, don ɗiyata ta hana ni sakat tun da ta gan su gidan ƙawarta. Mai shagon ya ce ba su da laulayi, ko a bokiti za su rayu. Da na iso gida na wanke akwatin tas da omo, na cika shi da ruwan da mai ruwa ya kawo, na kunna filta, wato na'urar tace ruwan, na kwance leda na juye su ciki.

Litinin da safe biyu sun mutu. Na ce ƙila datti ne, na zubar da ruwan duka, na wanke soson filta a famfo, na sa sabo. Laraba uku suka bi. Jiya biyu. Yau Juma'a saura biyar, kuma ba su da kuzari: suna tsaye can saman ruwa suna buɗe baki, fikafikansu a manne da jiki, ɗaya tana ta rangaji wuri guda ba ta gaba ba ta baya. Yarinyar ita ke binne su a gindin dogon yaron ƙofar gida, har ta yi layin tsakuwa bakwai. Shin marasa lafiya aka sayar min, ko ni ne ban iya ba?

Maman Sadik, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Amira. Kafin masana su zo, Baban Amira, omon nan kada ka sake. Ba a kusantar da sabulu ko omo ga akwatin kifi, ko hannunka ne ka ɗauraye da ruwa zalla kafin ka tsoma. Sannan wa ke ba su abinci, kuma sau nawa? Na san halin yara.

Baban Amira:
Hajiya kin gano mu. Ni ina ba su da safe, ita kuma duk wucewar da za ta yi sai ta barbaɗa. Shekaranjiya har garin biskit na gani a ƙasan akwatin.

Mai Tarwada, Kwalkwalawa:
Yallaɓai ni kiwon tarwada nake yi, kuma kifi duk kifi ne. Ka riƙa sauya ruwan gaba ɗaya kullum, ka sami kafso ja da yalo ka fasa guda ka zuba. Haka muke yi idan sun fara mutuwa.

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo:
Mai Tarwada, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Tarwada tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin cikin awa kaɗan. Gupi ba shi da wannan. Kafso kuma shi ne zai ƙarasa kashe abin da akwatin nan yake nema ya samu, wato bakteriya masu amfani da zan yi bayani.

Baban Amira, a ganina mutuwa iri biyu ce ta same ka, ba ɗaya ba.

Biyun farko na Litinin, da wuya a ce datti ne, kwana biyu kacal. Wannan ya fi kama da gigicewa. Kifayen nan daga nesa ake kawo su a mota cikin leda, sun sha jijjiga da zafi, sun zauna a ruwan shago, sai kai kuma ka juye su kai tsaye cikin ruwan da zafinsa da sinadarinsa daban. Ga sauran omo a lungun gilashi. Idan kuma daga famfo mai ruwan ya ɗebo, akwai kulorin, wanda mu yake kare mu daga cuta, su kuma yana ƙona musu wurin numfashi.

Waɗanda suka biyo baya su ne babbar magana. Kifi yana fitar da amoniya, ta wurin numfashinsa da ta kashinsa, abincin da ya ruɓe a ƙasa ma amoniya yake zama. Guba ce, kuma ba a ganinta. Ruwa zai yi garai-garai kamar ka sha, alhali kifi na cikin wahala. A tsohon akwati akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta da jikin tsakuwa. Wasu suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da sauyin ruwa. Kafin bakteriyan nan su yi yawan da za su iya aikin, ana ɗaukar kamar mako 4 zuwa 6. Kai kuwa akwatinka ranar da aka haife shi ka ɗora masa kifi 12 da garin biskit. Da ka wanke soso a famfo ranar Litinin, 'yan kaɗan ɗin da suka fara kamawa ma ka sallame su. Tsafta ce ka yi da kyakkyawar niyya, amma ita ta mayar da kai farko.

Ƙari a kan haka, amoniya tana ƙara dafi idan ruwa ya yi zafi, ruwan zafi kuma oksijin ɗinsa kaɗan ne. Gupi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. Mu kuwa muna watan Afrilu a Sakkwato, rana tana haura 40. A ina ka ajiye akwatin?

Baban Amira:
Innalillahi. Malam, a kan tebur bakin taga yake, don launinsu ya fito idan rana ta haska. Ruwan kuma na tambayi mai ruwa yanzu, ya ce wani lokaci famfo, wani lokaci burtsatse, duk inda ya samu layi ya yi sauƙi. To yanzu me zan yi wa biyar ɗin nan?

Malamin Kimiyya:
Yau ɗin nan ka ɗauke shi daga taga, ka rage ruwan kafin ka ɗaga kada gindin gilashin ya tsage. Ka kai shi lungun da ya fi sanyi a gidan. Abinci a dakatar kwana biyu, ba za su mutu da yunwa ba. Bayan nan sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Robar abincin kuma ta koma saman kwaba inda hannun Amira bai kai.

Ruwa kuma kullum ka ɗebe kamar lita 5 ko 6 daga ƙasa da siririn tiyo, yana zuƙo dattin, ka mayar da wanda ya kwana. Ka ware bokiti guda na kifi kaɗai, ka cika shi ka bar shi a buɗe awa 24 zuwa 48 kusa da akwatin, kulorin ya fice, zafinsu kuma ya zo ɗaya. In ka samu maganin kashe kulorin na ɗigawa a wurin masu kayan kifi ya fi, don akwai nau'in da ake kira kuloramin wanda kwana ba ya fitar da shi. Kada ka taɓa ɗebo na tankin saman rufi da tsakar rana, wannan ruwan wanka ne. Soso kuma idan ya toshe, a cikin ruwan da ka ɗebe daga akwatin za ka ɗan matse shi ka mayar. Ruwan ƙasa-ƙasan nan da ke jikinsa shi ne dukiyar.

Alhaji na Kanwuri:
Malam ya yi bayani, Allah shi saka. Ni abu guda zan ƙara, don ya taɓa cin nawa. Bara sauro ya matsa muna, yaran ga sunka hesa maganin sauro cikin ɗaki sunka ruhe ƙohwa. Da asuba munka iske kihi goma sha ɗaya duk sun juya ciki sama, ko guda bai tsira ba, kuma akwatin ya shekara lahiya lau. Famfon iska shi ka jan iskar ɗakin shina turawa cikin ruwa. In za a hesa, ko a kunna na hayaƙi, a kashe famfon, a ruhe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, ko dai a bar ɗakin nan ba heshi. Fiya-fiya kam ko kusa.

Maman Sadik:
Alhaji, mu mata har turaren wuta na daina sawa a falon da nawa suke, don dai hankalina ya kwanta. Batun zafi kuma, dabarar randa nake yi: ina juya ƙaramar fanka mai caji tana busa saman ruwan, yana ɗan sauka. Sai dai ruwa yana saurin ƙafewa, kullum sai na cike. Wata ta ce min in jefa ƙanƙara, na ƙi. Sanyi farat ɗaya sannan zafi ya dawo, wannan ya fi zafin kansa illa.

Ɗan Gidan Igwai:
Ba wanda ya yi maganar wuta. Idan an ɗauke ta tun Azahar sai tsakar dare, filta a tsaye yake, iska ba ta shiga, bakteriyan da Malam ke magana su ma oksijin suke buƙata. Akwai ƙaramin famfon iska da ke aiki da fawa bank, ba shi da tsada, shi ya cece ni. In babu, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana tsiyayo shi daga sama lokaci-lokaci.

Amma ni ban wanke mai shago gaba ɗaya ba. Maganar ko a bokiti za su rayu, wannan kakanninsu ne na rafukan Benezuwela da Tirinidad, 'yan ƙanana marasa ado sosai, waɗanda aka yi ta kaiwa ƙasashe don su cinye tsutsar sauro. Masu jela kamar mafici da muke saye, an daɗe ana haɗa su da danginsu don launi, ƙarfinsu bai kai na waɗancan ba. Mai sayarwa na ƙwarai ba zai ba ka akwati da kifi 12 rana ɗaya ya yi shiru ba. Gaba in za ka saya, ka tsaya ka kalli akwatin shagon tukuna. In ka ga matacce a ciki, ko mai farin ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai fari-fari a baki, ka bar su ranar. Ka kuma tambaya yaushe suka iso. Waɗanda suka yi mako a shago sun fi na jiya.

Mai Tarwada:
To na karɓa, kafso a bar shi. Gishiri fa? Mu yana mana aiki.

Malamin Kimiyya:
Nan kam muna tare. Gupi yana jure ɗan gishiri, kuma gishiri yana rage illar naitirait. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 10 ya isa a halin da ake ciki, a narkar da shi a kofi tukuna. A tuna gishiri ba ya ƙafewa tare da ruwa, don haka in cike gurbin wanda ya ƙafe za a yi, ba a ƙara wani.

Baban Amira, da akwai wanda zai ba ka guntun soso daga tsohon filtarsa mai lafiya, da ka rage makonni. Kuma kada ka ƙaro ko kifi ɗaya sai bayan wata guda. In lokacin ya yi, biyu ko uku, mata su fi maza yawa don mazan ba sa barin mace ta huta. Ka ɗora ledar a kan ruwa minti 20 a ɗaure, ka buɗe ka riƙa zuba ruwan akwatinka kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe su da 'yar raga. Ruwan ledar a zubar waje.

Alhaji na Kanwuri:
Soso kam ina da shi. Ka biyo bayan La'asar gobe, ka taho da leda da za a sa shi cikin ruwa, kar shi bushe bisa hanya.

Baban Amira:
Jama'a na dawo bayan kwana 16. Mai rangajin nan ba ta kai Lahadi ba, tsakuwa ta zama takwas. Sauran huɗun suna nan, sun bar saman ruwa, fikafikai sun buɗe, da na matso sai su taru gaban gilashi. Soson Alhaji yana cikin filta, na sayi famfon fawa bank da ma'aunin zafi. A lungun da na mayar da su ruwan yana kai 29 da rana, da fanka ya sauko 27. Alhaji, Malam, Hajiya, Allah ya saka da alheri.

Sai dai wata sabuwa. Yau da safe Amira ta zo da gudu wai akwai ƙananan idanu a bayan duwatsu. Na duba da fitilar waya, 'ya'ya ne, na ƙirga tara, ban ga ƙwai ko ɗaya ba. Kuma da idona na ga babbar ta bi ɗaya ta haɗiye.

Maman Sadik:
Barka! Gupi ba ta ƙwai a waje, haihuwa take yi kusan duk wata, kuma da cikinta ka sayo ta. Maza ka tsoma kwandon roba mai ƙananan huji ka sa manyan a ciki, ko ka cika kusurwa guda da ciyawar ruwa su samu maɓoya. Abincin nan dai nasu za ka murje da yatsa ya zama gari. Kuma kada ka gaya wa Amira abin da ka gani.