Wa ya taɓa zura wa dabbu ido?

Ɗalibi, Riyad: Assalamu alaikum. Ina karatun halayyar dabbobi, kwanan nan kuma na duƙufa kan taswirar ƙwaƙwalwar ƙadangare da aka fitar a 2018, bayan an ɗauki hoton kan wani ƙadangaren Ostireliya da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Amfaninta, in dabba ta yi wani abu, ka san sashen da za ka bincika. Sai dai ni a kwamfuta nake ganinsu. Iyaye da yayye, me idonku ya gani game da dabbu, wato ƙadangaren nan na sahara mai wutsiya mai ƙaya?

Makiyayi, yankin Ƙasim, Saudiyya: Wa alaikumus salam, ɗana. Shekarata tara ina kiwon raƙuma, dabbu maƙwabcina ne. Da sassafe yakan fito bakin rami baƙi-baƙi, ya baje ciki a ƙasa. Sai rana ta ratsa shi jikin ya washe, sannan ya tafi cin ganye. Abin da ke ɗaure min kai, komai nisan da ya yi, in na taso masa ba ya ruɗewa. Raminsa yake nufa kai tsaye. Na taɓa ganin wani ya tsallake wani rami da ke gabansa, yana gudu yana jan wutsiyar nan mai ƙaya, har ya faɗa nasa.

Ɗalibi: Baba, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi! A saman ƙwaƙwalwarsa akwai sashen da masana ke kamantawa da wanda ke riƙe mana hanya, mu 'yan Adam.

Uwar gida, Makka: Ni tsaka na sani. Na doke ta da tsintsiya a bayan firij, ta yar da wutsiya ta tsere, wutsiyar na ta mutsu-mutsu a kan tayil.

Direba, Madina: Hajiya, nawa ya fi. Yarana sun ajiye dabbu kwana biyar a tsakar gida kafin na mayar da shi sahara. Wani dare na haska shi yana barci, ido a rufe, amma ƙwayar na motsi a ƙarƙashin fata. Na daɗe a tsugune ina kallo.

Ɗalibi: Yaya, a 2016 masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Frankfurt, Jamus, sun auna barcin wani ƙadangaren Ostireliya mai gemu. Barci biyu yake yi irin namu, mai nauyi da mai motsin ido, zagaye ɗaya kamar sakan 80.

Makiyayi: To ɗana, yanzu sanyi ne, duk sun shige rami. In ɗumi ya fara, ka zo da littafinka, mu yi asuba mu zauna nesa da ramin.