Likita ya ƙi rubuta wa yarona antibayotik, in ba shi na gida?

Maman_biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Yarona ɗan shekara 4 kwana uku kenan yana fama da mura da tari, majina sai zuba take, na kai shi asibiti likita ya duba kunne da maƙogwaro ya saurari ƙirjinsa sai ya ce farasitamol kawai da shan ruwa sosai, wai ba ya buƙatar antibayotik. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi, ina da ragowar amoksilin na wata biyu da suka wuce a firij, in ba shi?

Nas_ta_dare:
Wa alaikis salam. Maman biyu kar ki ba shi dan Allah. Mura bairos ke kawo ta, shi kuwa antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa, ba abin da zai yi wa mura sai ma ya kashe ƙwayoyin amfani na hanjinsa ya sa shi gudawa. Kuma amoksilin na ruwan nan in an haɗa shi ba ya wuce sati biyu, zubar da shi. Amma in kin ga numfashinsa na sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi shan komai, ki koma asibiti nan take.

Ɗan_lab:
Hajiya wannan likitan ki riƙe shi da kyau. Mu a lab muna shuka ƙwayar cuta a faranti mu ɗora 'yan takardun magani, inda magani ke aiki za ki ga fili fes kewaye da takardar, to yanzu sau da yawa sai ka ga ƙwayar ta tsiro har jikin takardar, gabanka ya faɗi don ka san akwai mutum kwance yana jiran sakamakon nan. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriya masu bijire wa magani. Masani Fleming ɗin da ya gano antibayotik ɗin fenisilin, tun 1945 ya yi kashedin cewa shan sa ba bisa ƙa'ida ba na sa ƙwayoyin cuta su bijire masa.

Baƙuwa:
Ni ganau ce. Duk na ji zafin fitsari sai in sha antibayotik ɗin sifro kwana biyu in ajiye, ranar da ya daina ci sai da aka kwantar da ni ana ta allura ta jijiya, na sha wuya ba kaɗan ba.

Maman_biyu:
Subhanallah, Allah ya ƙara lafiya. Na gode sosai, na zubar. Anti nas zazzaɓin kwana nawa zai yi kafin in mayar da shi?