Girman bukkar ɓuya ga mai farauta da kwari da baka

Maharbin Alkaleri: Assalamu alaikum. Ina so in gina bukkar ɓuya a gefen gonarmu, inda gada ke bi zuwa rafi. Wadda na yi bara ta yi ƙunci, domin da na ja tsirkiya sai gwiwar hannuna ta bugi zana, dabbar ta ji motsi ta tsere. Wane girma ya kamata in ba ta?

Baba na Dass: Wa alaikumus salam, ɗana. Bakanka ne ma'auninka. Ka zauna yadda za ka yi harbi, ka ja tsirkiya har ƙarshe, wani ya auna daga tsinin kibiya zuwa gwiwar hannunka, sannan ka ƙara ƙafa 1. Ni tawa ƙafa 6 ce kowane gefe, rufin kuma bai taɓa kan baka ba. Tagar ta zama siririya a tsaye, kuma ka sauke bakinta ƙasa sosai, saboda kibiya tana fita ne ƙasa da inda ido yake kallo.

Malam na Toro: Baba ya gama magana kan awo. Sai dai gada da hanci take tsare kanta, don haka ka gina inda iska ke kaɗawa daga wajenta zuwa wajenka, ka lulluɓe cikin da baƙin ƙyalle, ka bar bukkar mako biyu ta saba da ganinta.

Baba na Dass: Tunda a Alkaleri kake, ka tabbata gonar ba ta shiga iyakar Yankari ba, domin an haramta farauta a can.