Kasuwancin gida: me ya sa rigimar da aka kashe take sake tashi?

Mai tambaya:
'Yan'uwa cikin Almasihu, musamman masu sasanta 'yan gida ɗaya da ke kasuwanci tare, ku taimaka. A zauna, a yi addu'a, a yafe wa juna, kafin wata uku maganar ta dawo ɗanya. Ina gizo ke saƙar?

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, an yafe ne amma ba a taɓa littafin ciniki ba. Yawanci kuɗi iri uku ake zubawa a aljihu ɗaya: ladan mai aiki, ribar mai jari, da taimakon dangi. Ƙanen da ke buɗe shago tun asuba yana ganin guminsa ake ci, yayan da ya sa jari kuma yana ganin alfarma yake yi masa. Duba Farawa 31. Shekara 20 Yakubu ya yi wa Laban aiki, kawunsa kuma surukinsa, sau 10 ana canja masa lada, dabbar da naman jeji ya kashe ma shi ke biya. Rigimar ba ta kwanta ba sai da suka tara duwatsu, suka yi alkawari, kowa ya san iyakarsa.

Mai duba lissafi:
Baba ya taɓo wurin. Masu cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne su karanta Irmiya 32. Annabi ne guda, ɗan kawunsa Hanamel ya sayar masa da gona a Anatot, amma sai da ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya hatimce ɗaya buɗe, ya ba magatakardansa Baruk ya adana a tukunyar ƙasa.

A rubuta jarin kowa da kasonsa. A yanka wa duk mai aiki albashi, har shi maigidan, a biya kafin a yi zancen riba. Wanda ya ɗauki kaya zuwa gida, ko sabulu ɗaya ne, a rubuta masa bashi a ranar. Waɗannan ƙananan ɗauke-ɗauken ne ke cinye jari ba a sani ba. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, a ƙirga kaya duk ƙarshen wata mutum biyu na tsaye. Kuɗin makaranta da asibitin dangi kuwa daga kason da aka ware za su fito, in ya ƙare ya ƙare.

Mama, shugabar zumuntar mata:
Ku ƙara da Matiyu 18:15-17, don bin sa ake yi a juye. Kafin ɗan'uwa ya ji laifinsa, matan gida da surukai duk sun ji. Ka same shi ku biyu tukuna. In ya ƙi, ka zo da mutum ɗaya ko biyu, kuma kada su zama masu cin abinci daga shagon. Mahaifiya ma a bar ta, duk wanda ta ba gaskiya ɗayan zai riƙe ta a zuci.

Dattijon ikilisiya:
In abu ɗaya ya kai ku zama uku, a duba rabuwa. Ibrahim da Lutu sun rabu a Farawa 13 don makiyayansu na faɗa, babban kuma ya bar ƙaramin ya zaɓa. A kira wani daga waje ya yi wa kaya kuɗi, a fara biyan basussuka, sannan ɗaya ya raba, ɗayan ya fara ɗauka.