Zuwa Harobanda a Yamai da iyali: wane wata ya fi, kuma ina ya kamata a sauka?

Basakkwace:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da niyyar kai iyali Yamai ziyarar dangin maiɗakina, suna zaune a Harobanda, wajen Lamorde. Da yara ƙanana za mu tafi, da kuma mahaifiyata wadda ƙafa ke damunta. Na so mu yi tafiyar ƙarshen watan Agusta tunda lokacin yara na hutu, amma an ce mini unguwar bakin kogi ce kuma ruwa na shiga. Gidan dangin ba zai ɗauke mu duka ba, dole mu kama haya na ɗan lokaci. Waɗanda suka san wurin, don Allah wane wata ya fi, me zan duba a gida kafin in biya, kuma yaya zirga-zirga take zuwa cikin gari?

Malam Na-Gamkalle:

Wa alaikumus salam, Alhaji. In da hali ka ɗaga tafiyar daga ƙarshen Agusta, domin kuwa ka zaɓi makonnin da suka fi kowanne haɗari a wannan gaɓar.

Yamai gari ne da kogin Neja ya raba biyu, amma gaɓoɓin ba tsayinsu ɗaya ba. Ɓangaren da Filato da Babbar Kasuwa da gidan tarihi na Boubou Hama suke, a kan tudu yake. Harobanda kuwa, wato gunduma ta biyar, mafi yawanta fadama ce da kogin ya shimfiɗa. Lamorde, Karaje, Zarmagande, Nogare, Kirkisoy da Sagiya duk suna da wuraren da in kogi ya cika sosai, ruwansa kan fi tsakar gida tsayi, shingen ƙasa da aka yi masa ne kawai ke riƙe shi.

Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Na farko shi ne jan ruwa, daga Agusta zuwa Satumba. Wannan ruwan saman da aka yi a kusa ne, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwasowa daga wajen Burkina Faso su zuba a babban kogi sama da Yamai. Tafiyarsa gajera ce, shi ya sa yake zuwa da gaggawa: a yi ruwa mai ƙarfi a can, cikin 'yan kwanaki ka ga kogi ya yi ja wur ya hau. Na biyu shi ne ruwan Gini, wanda ke faɗowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya bazu a fadamun Mali wajen Mopti ya daɗe yana jan ƙafa, sai Disamba zuwa Fabrairu ya iso. Shi a hankali yake hawa, kuma tun yana Mali ake sanin girmansa.

Jan ruwan ne ke yin ɓarna. Shi ya ci unguwanni a Agustan 2012, har aka kwashe mutane zuwa sabon matsuguni a Seno. A Satumban 2020 kuma ma'aunin tsayin kogi na Yamai ya kai wajen santimita 700, alhali tun daga 620 ake ba da jan gargaɗi; shingen Lamorde ya fashe, ruwa ya shiga unguwannin da ke bayansa. Yashin da koramu ke turowa cikin kogin yana cike gindinsa shekara da shekaru, ga ƙasar da aka sare wa itace ba ta shan ruwa kamar da, don haka ruwan da a da zai wuce salin-alin, yanzu sai ya yi tsalle.

Shawarata ita ce Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Hutun Disamba ya ishe ka. Kogi a cike yake gwanin kyau, hanyoyin unguwa sun bushe, lambuna sun yi kore, sauro ya ragu. Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40, Hajiya mahaifiyarka ba za ta ji daɗi ba. In dai Agustan ya zama dole, ka kwana a ɓangaren tudu, ka riƙa tsallakowa da rana, kuma ka riƙa bin sanarwar tsayin ruwa da hukumar kogin Neja, wadda hedikwatarta ke nan Yamai, da gidajen rediyo ke bayarwa.

Hajiya Ta-Karaje:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni maganar gida zan yi, Alhaji, domin a nan baƙo ke faɗawa.

Kada ka biya ta waya. Kada ka yarda da hoto. A je da kai, ko ka tura wanda ka amince da idonsa, da rana tsaka. Da farko ka tsaya a titi ka dubi dokin ƙofa: in sai ka taka ƙasa za ka shiga gidan, wato tsakar gida ta fi titi zurfi, ka wuce. Gidajen da suka daɗe titi ya riga ya fi su tsayi saboda cikon da ake yi kowace shekara, ruwan sama kaɗai ya isa ya kwanta musu. In ka ga an gina ɗan bango a bakin ƙofa wanda sai an ɗaga ƙafa a tsallake, ko tsofaffin buhunan yashi a gefe, gidan ya riga ya ba ka labarinsa. Kuma ga mai ciwon ƙafa wannan tsallaken kansa wahala ne.

Sai bango. Ruwa in ya kwana a gida yana barin zane a miƙe, ƙasansa ya fi samansa duhu. Masu haya na shafe na cikin ɗaki da fenti, amma ba kasafai suke tunawa da bayan gida, da cikin makewayi, da bangon maƙwabci ba, can za ka duba. In ka ga fari-fari kamar kanwa a bulo na ƙasa, fenti na ɓamɓarewa daga gindi, damshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko da kogi bai shigo ba.

Akwai kuma ginin da ke yaudarar ido: na laka ne, aka yi masa shafen siminti. Daga waje sai ka rantse bulo ne. Ka ƙwanƙwasa gindin bangon da mabuɗi. In ya yi ƙarar rami, shafen ya rabu da lakar, ruwa ya ci cikin. Irin wannan ne ke zubewa cikin dare bayan ruwa ya kwana biyu a gindinsa. Da rani ba laifi, da damina kada ka kwantar da yara a ciki.

Ka leƙa masai. A wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, ramin na cika da damina ya dawo da ƙazanta sama, kuma rijiyar tsakar gida da ke kusa da shi ba ta shayuwa. Ku sha na famfo, ku tara a jarka da daddare domin yakan ɗauke. In kun yi shakka ku tafasa, ko ku sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a kwalin, ku jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta, domin maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka.

Sannan ka tambayi mai shagon bakin layi, ba dillali ba, inda ruwan 2020 ya tsaya. Kowa ya sani, da hannu zai nuna maka.

Gidan sauro ku zo da naku mai magani, kowace shimfiɗa da nata, da igiya da ƙusa, ko da a Disamba ne. Gonakin shinkafa na Kirkisoy da Sagiya da ruwa suke kusan duk shekara. Yaro ya yi zazzaɓi, a yi gwaji ranar, kada a jira gobe. Asibitin ƙasa na Lamorde na nan kusa da ku.

Direban Wadata:

Ranka ya daɗe, batun hanya. Gada uku ce. Ta tsakiya ita ce gadar Kennedy ta 1970, tsawonta ya ɗan haura mita 700, daga wajen otal ɗin Gaweye take sauke ka a tsakiyar Harobanda, kusa da jami'ar Abdou Moumouni. Ita ce mafi kusa da ku, kuma ita ce mafi cunkoso, saboda hannu ɗaya zuwa hannu ɗaya dawowa ce, ga babura, ga amalanken jaki, ga raƙuma da kayan itace. Da safe daga bakwai zuwa tara masu shiga gari sun cika ta, da yamma daga biyar zuwa magariba masu komawa. Mota ɗaya ta mutu a tsakiya, kowa ya tsaya. Ta ƙasa ita ce gadar Sin ta 2011, daga wajen Gamkalle, ta fi faɗi, ita ke yi wa mai zuwa Kirkisoy da Sagiya da hanyar Say. Ta sama kuma ta Janar Seyni Kountché ce da aka buɗe a 2021, daga wajen Gudel. In kana Lamorde za ka Yantala ko Gudel, ita za ka bi, ba ruwanka da tsakiyar gari.

Takisi na haɗaka ne. Ka tsaya a bakin kwalta, ya rage gudu, ka faɗi unguwar da za ka ta taga. In hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ya wuce, ba wulaƙanci ba ne. Kuɗin kujera ake biya, kuma mai tsallake gada daga nesa sau da yawa kuɗin tafiya biyu ake ce masa, a gama magana kafin a shiga. Da iyali da tsohuwa gara ka ɗauki shata, ka karɓi lambar direban. Kabu-kabu na shiga lungu, amma ba na Hajiya ba ne, yashin unguwa na kayar da babur.

Lissafin kuɗi ka kiyaye. A kasuwa da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5. In an ce maka arba'in, 200 ake nufi, ɗari, 500, jika, 1,000. Kuma ka nemi ƙananan kuɗi tun daga Birnin Ƙwanni, domin takardar jika goma a hannun mai takisi da safe rigima ce.

Daga Sakkwato ta Illela za ka shiga Ƙwanni, daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne ta Dogon Dutsi da Dosso. Ka ɗauki motar safe ka isa da rana. Fasfo da katin rigakafin shawara na kowa su kasance a hannu, ba a cikin akwati ba, kuma ka tambayi halin iyaka a makon tafiyar, domin dokoki sun sauya tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a 2025. Kada ka ɗaga waya kana hoto a kan gada ko kusa da shingen jami'ai. Hanyar Torodi da ta Say kuma, inda gari ya ƙare nan za ka tsaya, ba lokacin yawon buɗe ido ba ne a can saboda rashin tsaro.

Malam Na-Gamkalle:

Ƙari kaɗan, kada a ɗauka Disamba da Janairu babu ruwa sam. Ruwan Gini na shiga lambunan bakin gaɓa da tsibirai irin su Neni Gungu, kuma a shekarar da damina ta yi ƙarfi a sama yakan matsa wa shinge. Bambancin shi ne yana ba da sanarwa, kuma sama ba ta zubowa a lokacin. Da damina kuwa shingen da ke hana kogi shiga shi ne ke hana ruwan sama fita, sai unguwa ta zama kamar kwano, ga ruwan da ke gangarowa daga tuddan baya. Don haka gida na iya nisa da kogi ya kuma sha ruwa.

Basakkwace:

Allah ya saka da alheri, mun mayar da tafiyar Disamba. Saura tambaya ɗaya: yara sun matsa sai sun shiga kwale-kwale sun kuma yi wanka a kogi. Yaya kuka gani?

Hajiya Ta-Karaje:

Wanka dai a'a, Alhaji, ko da za su ga yaran unguwa na yi. Ba zurfi kaɗai ake tsoro ba. Ruwan gefe mai kwanciya, inda kainuwa ke taruwa, da magudanan gonakin shinkafa, nan katantanwar tsargiya take. Tsutsar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, tsoma ƙafa ma ya isa. Ba a ganin komai nan take sai ɗan ƙaiƙayi, bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini, lokacin kun koma gida an manta da kogi. In ƙaddara ta sa sun shiga, a goge musu jiki da tawul nan da nan, kuma bayan wata biyu a kai fitsari gwaji, a faɗa wa likita inda suka je. Maganinta praziquantel ne, da nauyin yaro ake auna shi, kuma ba ya kashe tsutsar da ba ta girma ba, shi ya sa shan sa washegari aikin banza ne.

Direban Wadata:

Kwale-kwale ba laifi a Disamba, amma da sharaɗi. Ku tafi da hantsi ko bayan la'asar kaɗan, ku dawo da sauran rana. Ku ɗauki jirgin ku kaɗai, kada ku shiga na haya da ake loda wa mutane da buhuna da babur. Kafin kowa ya shiga ka dubi cikinsa: ɗan ruwa a gindi da gwangwanin kwarfa al'ada ce, amma in kana ganin yana ɓulɓulowa daga haɗin katako, nemi wani. Bayan kun zauna, gefen jirgin ya rage aƙalla taƙi ɗaya sama da ruwa. Yara a tsakiya, a zaune a ƙasa, babu mai miƙewa don hoto. Rigar hana nitsewa ba kowane mai jirgi ke da ita ba, musamman ta yara, ka tambaya tun ana ciniki, in babu ku haƙura.

Ka ce masa ya bi gefe, kada ya kusanci ƙafafun gada, ruwa na murɗawa a nan lokacin cika. Akwai dorina a kogin, an fi ganinta sama da gari, kuma mai ɗa ba ta da wasa. In mai jirgi ya ce ba ya bi ta wani wuri, kada ka ƙara masa kuɗi don ya bi. A yanke farashi na zuwa da dawowa da tsawon lokaci tun a gaɓa, rabi a ba shi da farko, rabi in an sauka. Hajiya kuwa a bar ta a tudu, shiga da fita jirgi a laka mai santsi ba na mai ciwon gwiwa ba ne; barandar Grand Hôtel na kallon kogin da gadar Kennedy daga sama, kuma mota na kaiwa har ƙofa.