Sayar da rarar wutar sola a Birtaniya: shawarwarin masu gida

Da masu sola a rufin gidajensu suka tattauna kan kuɗin rarar wuta, magana ta fi tsayawa kan Smart Export Guarantee, tsarin da ya fara aiki a Janairun 2020 bayan an rufe tsohon tsarin biyan masu sola ga sabbin masu shiga a 2019. A ƙarƙashinsa, dole duk kamfanin sayar da wuta da ke da gidaje kwastomomi 150,000 ko fiye ya sayi wutar da gida ya tura wa babban layin wuta, amma shi ke yanka farashi. Don haka shawarar farko: a zagaya a taya, ba lallai sai kamfanin da ke ba ka wuta ba. Sai takardar shaidar MCS, mai tabbatar da ingancin kayan sola da aikin kafa su, ko makamanciyarta, da mita mai lissafi duk rabin awa; in babu su, babu kuɗi.

Batun batiri ne ya ja gardama. Yawanci kuɗin sayarwa bai kai na saye ba, shi ya sa mafi yawa suka ce gara ka tara wutar rana ka sha da daddare. Wasu ma kan cika batirin da wutar tsakar dare mai araha, dabarar da ta fi burge ni. An kuma cire wa batiri harajin VAT tun Fabrairun 2024.