Mutum nawa zan ɗauka don sauti a lokeshin, kuma ta yaya ake gane na ƙwarai?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya fim mai dogon zango na talabijin, kashi 6, kuma yawancinsa hira ce tsakanin mutum biyu ko uku: a falo, a cikin mota, sai 'yan fitowa a bakin titi. Kyamara biyu za mu yi aiki da su. Mai ɗaukar hoto na riga na samu, sauti ne ya tsaya mini a rai. A aikinmu na baya wanda aka kawo mana shi kaɗai ya zo, shi ke riƙe sandar makirfo, shi ke sauraro. Da muka zauna tacewa sai ga ƙugin firji a ƙarƙashin duk maganar da aka yi a falo, dole muka sake kiran jarumai situdiyo suka maimaita, kuma muryar ba ta fito da ran da ta fito da shi a ranar ɗauka ba. Ba na son a kuma. Don Allah masu sana'ar, mutum nawa ya kamata in ɗauka? Shi zai zo da kayan aiki ko ni zan yi haya? Me zan tambaye shi kafin mu ƙulla?

Tsohon Mai Sauti:

Wa alaikumus salam Hajiya. A irin aikin da kika faɗa, mutum biyu shi ne mafi ƙaranci: mai haɗa sauti da ke zaune gaban rikoda da hedifon a kunne, da mai riƙe sanda. Idan hali ya yi ki ƙara na uku, wanda zai riƙa maƙala wa jarumai ƙananan makirfo, ya canja batir, ya kama sanda ta biyu in an yi yawa a fitowa.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan mai sanda shi ne nisa. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan dasibel 6 (dasibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hayaniyar wurin tana nan yadda take. Saboda haka aikin mai sanda shi ne ya sauko da makirfo daf da saman firam, wato iyakar abin da kyamara ke gani, ya san rubutun labarin har ya juya shi ga mai magana kafin ya buɗe baki, ya kuma lura kada inuwar sandar ta faɗa a bango. Mutumin da hannayensa biyu ke sama ba zai iya taɓa maɓallan rikoda ba, idonsa kuma yana kan leɓen jarumi, ba kan ma'aunin sauti ba. Wannan shi ya faru da ke a baya, ba lallai rashin iyawar mutumin ba ne.

Kyamara biyun nan kuma ki zauna da darakta tun yanzu a kansu. Idan ɗaya tana ɗaukar falon gaba ɗaya, ɗayar tana kan fuska a lokaci guda, to wadda ke ɗaukar falon gaba ɗaya ta kori sanda zuwa rufi don kada ta fito a hoto, sai ki samu fuska a kusa murya a nesa. Ko dai su riƙa ɗaukar girma iri ɗaya tare, ko a yarda cewa wannan fitowar ƙananan makirfo na jiki ne za su ɗauke ta.

Game da gane na ƙwarai, kada ki tsaya ga gutsuren aikinsa da aka riga aka gyara aka ɗora wa kiɗa. Ki ce ya turo miki ɗanyen fayil na wata rana guda, yadda ya fito daga rikoda. Ki sa hedifon ki saurara. Za ki ji ko riga tana gogar makirfo, ko muryar tana fashewa in jarumi ya yi ihu, ko ya sa wa layin kowane makirfo sunan mai magana. Sannan ki tambaye shi wane makirfo zai ɗaura a sanda a cikin falo mai tayil. Idan ya ce Sennheiser MKH 416 ko'ina da ko'ina, ki ƙara bincike. Makirfo ne mai kyau ƙwarai, tun shekarun 1970 ake aiki da shi, amma a waje ya fi ƙarfi. A ɗaki mai amsa kuwwa yakan sa murya ta yi wani irin kumbo. A ciki akan koma ga irin su MKH 50 ko Schoeps mai kan MK 41. Wanda ya san aikinsa zai faɗa miki haka ba tare da kin ja shi ba.

Abu mafi girma a wurina: ki tafi da shi duba lokeshin kafin ranar ɗauka. Ku kuna kallon kyan labule da hasken taga, shi zai tsaya shiru na minti biyu ya ce miki akwai injin ruwa a bayan bangon nan, jirgi na wucewa ta saman gidan, janareto kuma in aka ajiye shi a nan sai ya shiga kowace fitowa, a nemo doguwar waya a kai shi bayan gini. Firji kuwa kashe shi ake yi, mu kan jefa makullin mota a ciki don kada a watse a manta ba a kunna ba.

Hadiza Edita:

Yaya, ni daga ɓangaren tacewa zan yi magana, don a hannunmu komai ke ƙarewa. Ki rubuta waɗannan a yarjejeniya, kada ki bar su a baki. Fayil ɗin sauti ya zama nau'in WAV, ingancin naɗinsa kuma 48 kHz, 24-bit. Kowane makirfo da layinsa daban, tare da haɗaɗɗen layin da ya yi a wurin. Mai sauti da mai kyamara su daidaita a kan adadin firam, wato hotuna nawa kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, tun kafin rana ta farko, 25 ne ko 24 ko 23.976, kuma a maƙala wa kowace kyamara akwatin daidaita lokaci irin Tentacle Sync. Duk da haka a riƙa buga allo, wato allon nan mai ƙara da ake tafawa a gaban kyamara, a farkon kowace ɗauka, domin ranar da akwatin ya yi gardama ƙarar allon ce za ta cece mu.

Sai shirun ɗaki. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya tsaya cik na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a naɗi iskar wurin. Da ita nake cike giɓin da ke tsakanin maganganu, in babu ita sai ki ji sauti yana yankewa kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa. Wallahi abin yana ci mini rai in aka kawo mini fitowa mai kyau, jaruma ta yi kuka na gaske, amma an hana mai sauti minti ɗayan nan saboda ana sauri.

Mai Sanda:

Na yarda da Malam Tsohon Mai Sauti, sai dai a yi wa masu aiki su kaɗai adalci. A shirin gaskiya ko hira da mutum ɗaya a zaune, mutum guda da jaka a ƙirji, rikoda irin Zoom F8n ko Sound Devices MixPre, ya wadatar sarai. Wasan kwaikwayo mai jarumai da yawa ne ya fi ƙarfinsa.

Fitowar mota kuma, Hajiya, sanda ba ta shiga. Akan ɓoye makirfo a jikin marfin kare rana da ke saman gilashi, a kashe na'urar sanyaya mota, a rufe tagogi. Ki gaya wa jarumai tun da wuri za su sha zafi. Ki kuma haɗa mai sauti da mai kula da sutura: yadi mai santsi, sarƙa da 'yan kunne masu kaɗawa duk abokan gabar makirfon jiki ne. In jarumai mata ne za a maƙala wa, ya fi dacewa a samu mace a tawagar, ko mai suturar ta koyi yadda ake yi.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, saura batun kaya. Wani ya ce mini in rikodarsa mai tsarin naɗi na 32-bit float ce ba sai na damu da komai ba, ana gyarawa daga baya. Haka ne?

Tsohon Mai Sauti:

Rabin gaskiya ya faɗa miki Hajiya. Abin da wannan tsari yake yi shi ne hana sauti fashewa a cikin rikodar kanta idan an yi ƙara ba zato. Ba ya matso da makirfon da ya yi nisa, ba ya cire gogar riga, kuma in muryar ta riga ta fashe a na'urar da ke ƙugun jarumi mai aika sautin makirfonsa zuwa rikoda, a fashe za ta iso.

Kaya kuwa, ki bar shi ya zo da nasa, don ya san halinsu, ya san wace waya ce ke da ciwo. Amma a takarda a raba ladan aikinsa da kuɗin hayar kayan, a faɗi awa nawa ce rana guda da yadda za a biya abin da ya haura, wa zai sayi batir da salatif, wa zai ɗauki asara in jarumi ya zauna a kan na'ura ta karye. Ki nemi jerin kayan a rubuce ki duba ko akwai rikoda ta biyu. Makirfo marasa waya kuma ki tambaye shi a wane zangon rediyo suke aiki, domin kowace ƙasa da dokarta; a Amurka, misali, tun 2020 aka haramta musu yawancin zangon 600 MHz bayan an sayar wa kamfanonin waya. Kullum in an tashi ya miƙa fayiloli a wuri biyu tare da takardar rahoton sauti, mai tace fim ɗin kuma ya saurari na ranar farko a daren, kafin ku fita rana ta biyu.